Takardar Ƙarar Hedimasta da Na Sa wa Hannu

A shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki na fara aikin koyarwa. Ina riƙe da takardar shaidar malanta sabuwa fil, aurena bai cika shekara ba, kuma a raina na ɗauka koyar da yaran firamare abu ne da kowa zai iya. Ofishin ilimi ya tura ni wata firamaren gwamnati a cikin gari, idan ka shigo ta Ƙofar Marusa ka ratsa lungu biyu. Dogayen gine-gine uku ne masu launin ƙasa, tagogin babu marafe, sai wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a jikin bishiyar bedi, wato darbejiya, shi ne ƙararrawarmu.

Ranar da na kai takardata, hedimasta bai ko duba sakamakona ba. Bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida da maigidana da hanya, sai ya miƙe ya ce in biyo shi. Ya kai ni wani aji da babu kowa, ya ba ni guntun alli ya ce in rubuta abin da na ga dama. Shi kuwa ya tafi can ƙarshen ajin, ya tattare rigarsa ya zauna dirshan a kan simintin da ya farfashe.

Na rubuta sunan ranar da irin rubutun da ake yabona da shi a kwaleji, ƙanana masu lanƙwasa.

Ya ce, "Malama, daga nan ba ni gani. Kuma ni babba ne, na san abin da za ki rubuta tun kafin ki ɗaga hannu. Yaron da zai zauna nan bai sani ba. Goge ki sake."

Sau huɗu ina gogewa ina sakewa. A na biyar ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ce gobe in kama aji uku. Na koma gida ina huci, na gaya wa maigidana cewa an haɗa ni da wani tsoho mai neman mutane da fitina.

Hedimastan dogo ne siriri, mutumin unguwar Gobarau, yana zuwa a kan tsohon kekensa tun kafin masu ƙosai su gama hura wuta. Ya haura shekara talatin yana koyarwa, saura masa uku ya ajiye aiki. Ba mai dariya ba ne, kuma bai iya lallashi ba. Abu ɗaya ya sa a gaba: kada yaro ya haye aji uku bai iya karatu ba. Duk ƙarshen zango zai sa a fito masa da benci ƙarƙashin bedi, ya kira 'yan aji uku ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa kowa kwali mai layi huɗu ya ce ya karanta. Wanda ya kasa ba ya dukansa, ba ya ma ɗaga masa murya. Sunansa kawai zai rubuta a wani ɗan littafi da ke aljihunsa. Waɗannan yaran su ne 'yan ajin bayan tashi. Idan an buga ƙararrawar tashi kowa ya watse, su za su tsaya, mu malamai mu raba su biyar-biyar ko shida-shida, mu zauna da su kamar minti arba'in muna bitar baƙi da wasali. Babu wanda ke biyanmu ladan wannan zama, kuma babu dokar ofis da ta ce a yi shi. Shi ya ƙirƙiro abinsa, kuma shi ke ɗaukar waɗanda suka fi kowa rauni.

Wadda ta fi kowa riƙe masa wannan aiki ita ce malamar aji ɗaya, wadda duk muke kira Mama. Kirista ce, mutuniyar kudancin Kaduna. Aikin mijinta ya kawo su Katsina tun tana amarya, ya rasu a nan, ita kuma ta ci gaba da zama a Kambarawa da 'ya'yanta. Rabin iyayen yaran makarantar a hannunta suka koyi riƙe fensir. Jakarta kullum cike take da kwalayen sukari da na sabulu waɗanda take yankawa ta rubuta haruffa, kuma ita ta koya mini yadda ake fasa tsohon batir a kwaɓa baƙin cikinsa da ƙaro a shafe allo idan ya koɗe. Ita kaɗai ke iya gaya wa hedimasta magana kai tsaye. Takan ce masa, "Malam, ka riƙa gaida mutane da fuska, ba da baki kaɗai ba." Shi kuma ya ce fuskar da Allah ya ba shi ke nan.

Su biyun ne suka shawo kan matan Fulani masu kawo nono cikin gari. Matan kan shigo da safe da ƙananan 'ya'yansu mata a biye da su, su yini a rana. Hedimasta ya yi ta tare su a bakin hanya yana roƙo, Mama kuma tana sayen nonon da ba ta buƙata, har wasu suka yarda su riƙa ajiye yaran a aji ɗaya, idan sun sayar su biyo su ɗauka. Yaran ba su da yunifom, kuma bai taɓa tambayarsu ba.

Wancan lokaci kowa yana cike da buri. Rediyo kullum maganar ilimi kyauta ake yi, ana kiran iyaye su kai 'ya'yansu makaranta. Aka kuwa kawo su. Ranar ɗaukar sababbin ɗalibai layi ya kai har bakin titi. Ban taɓa ganin hedimasta cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya tsaya yana kallon layin, ya ce wa Mama, "Da mu ke bin su gida-gida suna ɓoye mana yara a bayan rumbu. Yau ga su da ƙafarsu."

Yaran suka zo, amma benci bai zo ba, azuzuwa ba su ƙaru ba. Ajina ya cika har sai na riƙa tsallake ƙafafu kafin in kai allo. Na gaba suna zaune gwiwarsu na taɓa bango, na baya suna leƙowa ta taga. Hedimasta ya yi ta rubuta takardu yana hawa kekensa zuwa ofis, ya dawo da alkawari. Da iskar farkon damina ta yaye kwanon gini ɗaya, shi ya tara iyaye, kafintocin cikinsu suka mayar da abin da ya mayu.

Abin da ya zo da sauri shi ne sababbin malamai. Wasunsu nagari ne, har yau muna zumunci. Wasu kuwa da 'yar takarda suka zo daga wani babba a siyasa, an ba su aikin ne a matsayin sakayyar wahalar kamfen. A cikinsu akwai wani saurayi, ƙanin kansilan wata mazaɓa, mai fara'a da iya zance, wanda yake da shagon kayan babur a kasuwa. Zai leƙo wajen ƙarfe goma ya sa hannu a rajistar malamai, ya zagaya ya gaisa da kowa, ya hau babur ɗinsa ya tafi. 'Yan ajinsa, aji huɗu, yini suke suna kokawa.

Hedimasta ya yi masa magana sau ɗaya, sau biyu. Da abin ya ƙi, sai ya sayo jan biro. Ƙarfe takwas daidai zai ja layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe a rajista, duk wanda ya zo bayan nan a ƙasan jan layi zai sa hannu, kuma ƙarshen wata ya kwafe sunayen ya kai ofis. Bai ware kowa ba. Mama kanta ta taɓa faɗawa ƙasan layin ranar da motar Kambarawa ta lalace, ta sa hannu tana dariya.

A shekarata ta biyu na haifi ɗana na fari. Yana da wata goma ƙyanda ta kama shi. Kwana uku ban runtsa ba, jikinsa kamar garwashi, idanunsa sun manne. Ban aika wa makaranta ba, don a lokacin babu waya a hannun kowa, kuma hankalina ba ya jikina. Ranar Litinin ban je ba. Ranar Talata, da na ga zazzaɓin ya ɗan sauka, na bar shi wurin surukata na fito, na isa tara ta wuce. Na tarar ana taron malamai a ofis. Na sa hannu a ƙasan jan layi, na nemi gefe na raɓe.

Hedimasta ya dakata da maganar da yake yi ya dube ni.

"Malama, jiya ajinki ya yini babu kowa. Yau ma kin ga lokacin da kika zo."

Na ce, "Malam, yarona ne ba ya jin daɗi."

Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Amma waɗanda kika bari a aji, su ma ɗiyan wasu ne."

Ya ci gaba da taronsa. Bai tambayi abin da ke damun yaron ba, ni kuma ban faɗa ba. Na zauna ina kallon ƙasa, hawaye na ɗiga a kan mayafina, a gaban mutum kusan ashirin. Ina jin Mama ta dafa mini gwiwa, na janye.

A makon nan ne ƙanin kansila ya same ni a bayan aji lokacin hutun tara. Ya yi mini jajen yaro da kalamai masu daɗi, ya ce duk wanda ke wurin ranar ya ji zafin abin da aka yi mini. Sannan ya zaro takarda mai shafi biyu daga aljihu, an buga ta da tafireta. Ƙara ce zuwa ofishin ilimi. An rubuta cewa hedimasta yana tsare malamai bayan lokacin aiki ba bisa doka ba, yana wulaƙanta matan aure a gaban jama'a, yana hana yara wucewa aji na gaba, kuma ba ya shawara da kowa.

Ya ce, "Malama, mulkin soja ya ƙare a ƙasa baki ɗaya, sai a makarantar nan kaɗai ya rage. Ba korarsa muke so a yi ba. A ja masa kunne kawai."

Na karanta. Babu ƙarya tsagwaronta a ciki, kowace magana tana da ɗan tushe, sai dai an karkata ta. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Na san kuma dalilin da ya sa shi yake son a tafi da tsohon. Duk da haka na karɓi biron na rubuta sunana, na sa hannu. Na ji sanyi a raina na kamar yini ɗaya.

Da aka kai wa Mama takardar, ta karanta har ƙarshe, ta ninke ta mayar masa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ɗana, ni hannuna na rubuta wa yara ne." Ta ga sunana a ciki. Ba ta ce mini komai ba, ranar ko bayanta. Ta ci gaba da kawo mini kwalaye, tana tambayar jikin yaro, har ta kawo mini man shafawa don tabon ƙurajen.

Ba a ja masa kunne ba. Bayan kamar wata ɗaya takarda ta zo cewa an yi masa ƙarin girma, an mayar da shi ofishin ilimi. Kowa ya san ma'anar wannan. Ɗakin ajiyar fayil aka ba shi, tebur ɗaya da kujera a tsakanin kantoci, babu yaro ko ɗaya.

Ranar da zai tafi bai yi jawabi ba. Ya miƙa wa mataimakinsa makullai da rajista, ya zagaya azuzuwa ɗaya bayan ɗaya yana tsayawa a bakin ƙofa kaɗan. Da ya zo nawa yara suka miƙe suka gaishe shi. Ya dubi allo, ya dube su, ya ce mini, "Malama, waccan ta jikin taga ba ta ji sosai da kunnen hagu. Ki dawo da ita gaba." Wata shida yarinyar tana ajina ban lura ba. Ya tura kekensa har bakin titi kafin ya hau.

Sabon hedimastan da aka kawo mutumin kirki ne, mai sanyin hali, ba ya son ɓata wa kowa. Jan biro ya ɓace. Ajin bayan tashi, ya ce wanda ya ga zai iya ya yi, wanda ba zai iya ba babu tilas. Mako biyu aka yi ana raguwa, a na uku Mama kaɗai ta rage da yaranta a ƙarƙashin bedi. Ni ma ina wucewa ta gabansu da jakata in yi sauri in kau da ido. Gwajin ƙarshen zango ma aka daina, kowa ya riƙa wucewa aji na gaba. Gaskiya mun ji daɗi a farko. Muna tashi da wuri, ana raha a ofis, babu mai ƙirga mana mintoci.

Sai bayan shekara biyu na ga abin da muka yi. An mayar da ni aji biyar, na sake haɗuwa da yaran da na koyar a aji uku a zangon da aka ɗauke shi. Rana ta farko na rubuta gajeren labari a allo na ce a karanta. Kaɗan suka ɗaga hannu. Na bi layi ɗaya bayan ɗaya. Wata yarinya doguwa, 'yar masu nono, wadda ta fara haɗa baƙi kafin a rushe ajin bayan tashi, ta miƙe ta ƙura wa allo ido, leɓenta na motsi babu abin da ke fita. Ta kwafe duk abin da ke allo a littafinta da kyakkyawan rubutu, harafi bayan harafi, amma ba ta san abin da ta rubuta ba. Irinta sun fi a ƙirga da yatsun hannu a ajin. Shekara biyu suna zuwa kullum, suna zaune a ƙasa, suna zana abin da ba su iya karantawa.

Ranar da aka tashi ban tafi gida ba. Na je ƙarƙashin bedi na tsaya a kan Mama. Ta ɗago ta dube ni, ta matsa mini a benci, ta raba kwalayen hannunta biyu ta miƙo mini rabi. Ba ta tambaye ni abin da ya dawo da ni ba.

Mu biyu muka ci gaba. Amma abin da malamai goma sha suke yi da, mutum biyu ba za su iya ba. Kuma yaron aji biyar ba kamar na aji uku ba ne: ya girma, yana jin kunyar a gan shi yana bitar baƙi, kuma an fara buƙatarsa a gida ko a kasuwa. Wasu sun tsaya sun koya. Da yawa sun zo kwana biyu suka daina. Doguwar yarinyar nan ta yi mako uku tana zuwa, har ta fara karanta kalma mai gaɓa biyu, sai iyayenta suka tashi da shanunsu suka yi kudu. Ban sake ganinta ba.

A tsakanin nan hedimasta ya cika shekarunsa ya ajiye aiki. Mun ji an yi masa 'yar walima a ofis, an ba shi agogon bango. Daga makarantarmu Mama kaɗai ta je. Ƙanin kansila kuwa tuni ya bar koyarwa, an ba shi wani muƙami a ƙaramar hukuma.

Bayan shekara biyu ita ma Mama lokacinta ya yi. 'Ya'yanta sun watsu, babbar tana aure a can garinsu, suka matsa mata ta koma gida. Na je Kambarawa na taya ta ɗaure kaya. Muna naɗe labule ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ɗiyata, kin je kin gaida Malam?"

Na ce ban samu lokaci ba.

Ta ce, "Idonsa ya tafi. Ciwon sukari ne. Yanzu sai an ja shi zuwa masallaci." Ta ɗaure bakin buhu ta ƙara da cewa, "Ni ban ce ki je ki faɗi komai ba. Gaisuwa na ce."

Motarta ta tashi da safe, na tsaya a tasha har ta ɓace. Duk da haka sai da na ƙara wata huɗu ina cewa gobe, ina cewa jibi. Sau biyu ina kaiwa bakin lungunsu a Gobarau in juya.

Ranar da na shiga, wata Asabar ce da hantsi. Uwargidansa ta karɓe ni, ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida. Yana zaune a kan buzu a inuwar ɗaki, ya rame ƙwarai, rediyo a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi. Tun kafin uwargida ta faɗi ko wace ce ya ce, "Malamar aji uku ce." Muka yi doguwar gaisuwa, ya tambayi maigidana, ya tambayi makaranta, ya tambayi yaro. Na ce yaro har ya kusa shiga aji ɗaya.

Uwargida ta kawo fura ta koma madafa. Na yi ta juya ludayi a cikin kwano. Can na ce, "Malam, akwai maganar da ta kawo ni."

Ya rage muryar rediyo.

Na ce, "Takardar da aka kai ƙararka ofis, har da ni a ciki. Na sa hannu da sanina, babu wanda ya tilasta mini. Na zo ka yafe mini."

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "Ai na sani. Makona na farko a ɗakin fayil aka turo mini takardu a ce in jera kowace a mazauninta. Tana ciki. Ni na huda ta da hannuna na ɗaure a fayil ɗina."

Na kasa ɗago kai, ko da yake ba ya ganina.

Ya ce, "Na karanta sunayen. Wasu ban yi mamaki ba. Naki na tsaya a kansa, na ce mi na yi wa yarinyar nan? Sai daga baya Mama ta gaya mini ƙyanda ce, kuma har kun fidda rai. Ni ban tambaya ba ranar. Ya kamata in tambaya." Ya shafa gemunsa. "Na yi niyyar in zo gidanku in ba ki haƙuri. Na fito da keke har sau biyu. Girman kai ya mayar da ni. To kin ga, ke kin riga ni zuwa. Ki yafe mini nawa, ni na daɗe da yafe naki."

Kuka ya ƙwace mini. Bai lallashe ni ba, don bai iya ba. Ya bari har na yi shiru don kaina.

Sannan ya ce, "Ni ba kujerar ce ta dame ni ba. Zangon da aka ɗauke ni, akwai waɗanda na rubuta ban gama da su ba. Ina suke?"

Ya fara kiran sunayensu da ka, ɗaya bayan ɗaya, har da unguwannin iyayensu da sana'arsu. Na so in yi masa ƙarya, in ce duk sun iya, duk sun shiga sakandare. Tsoho ne makaho, babu yadda zai gane. Amma na riga na cuce shi sau ɗaya. Na gaya masa gaskiya. Wannan ya koya a aji biyar, yana sakandare. Wannan ya daina zuwa, yana wurin masu walda. Wannan ta gama aji shida ba ta iya ba. Wannan iyayenta sun tashi. Duk wanda na faɗa sai ya gyaɗa kai, idan labarin mai daɗi ne ya ce alhamdu lillahi, idan ba shi ba ne ya yi shiru. Shirun ya fi yawa.

Da muka kai ƙarshe ya ce, "Ke da wa kuke zaman yanzu, tun da Mama ta tahi?"

Na ce ni kaɗai.

Ya ce, "Kada ki ɗauki fiye da shida. Idan kin ɗauki ashirin don tausayi, babu wanda zai koya. Kuma ki fara da 'yan aji biyu, kada ki jira aji uku. Nan na yi kuskure, na gane a makare."

Ya yi ta ba ni shawara har aka kira azahar, kamar gobe zai shigo ya duba aikina. Da zan tafi ya sa uwargida ta ɗebo mini dabino, ya ce in kai wa yaro.

Na ƙudura zan riƙa zuwa duk Asabar. Sau uku na samu na je. Sai aka yi dogon hutu, na tafi ƙauyen su maigidana bikin ƙanwarsa, muka yi mako biyu. Ranar da muka dawo maƙwabciyata ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Ashe tsohon hedimastanku ya rasu?" Kwanansa biyar a ƙasa. Na ajiye kaya na tafi Gobarau ko ruwa ban sha ba. Na zauna cikin mata na yi wa uwargida ta'aziyya. Ta ce ya tafi cikin sauƙi, bayan sallar asuba, bai wahalar da kowa ba. Daga ofishin ilimi an turo mutum biyu. Da aka koma makaranta sabon hedimasta ya sa aka yi masa addu'a a taron safe, yawancin yaran ba su san wanda ake yi wa ba.

Na ci gaba da zama da yara shida bayan tashi, har na ajiye aiki. Wata shekarar a samu malama ɗaya ko biyu su taya ni, wata shekarar ni kaɗai. An taɓa yi mini tayin shugabancin wata makaranta na ƙi. Na san idan na karɓa dole in tilasta wa mutane abin da ni kaina na taɓa kai ƙara a kansa, kuma ban ga da wane baki zan yi ba. Wataƙila tsoro ne kawai na sa masa wannan suna. Makarantar tana nan, an yi mata sabon fenti sau da yawa, an kewaye ta da katanga, yara sun ninka na da.

A makon da na yi ta'aziyya na zauna na rubuta wa Mama wasiƙa, don na san babu wanda zai tuna ya sanar da ita. Na gaya mata rasuwar, na gaya mata na je na gaishe shi kamar yadda ta ce, kuma ban tsaya a gaisuwa ba. Shafi huɗu na cika. Na ba wani direba mai zuwa wajensu, ɗan cocinsu ne, ya ce ya san gidan.

Amsa ba ta zo ba sai bayan wata biyu. Direban ya kawo mini har makaranta, ana tsakiyar darasi. Rubutun bayan ambulan ba nata ba ne. Babbar ɗiyarta ce ta rubuto, ta ce wasiƙata ta iso, amma Mama ta riga ta rasu tun farkon damina, bayan gajeriyar jinya. Ta ce sun karanta wasiƙar su da ƙannenta, ba su gane duk abin da nake nufi ba, amma sun gode da na tuna da ita.

A tsaye na karanta a bakin ƙofar aji. Na yi wa direba godiya, na tambayi hanya da mutanen can. Sannan na ninke takardar na sa a jaka na koma ciki, don yara sun fara hayaniya.